Lambar E87 da yaran da lissafi bai gani ba a Anka, Gummi da Bukkuyum

Duk cutar da likita ya rubuta a katin mara lafiya tana da lamba. Kwalara A00 ce, maleriyar da ta fi damunmu a nan tana ƙarƙashin B50, limoniyar da ba a gano ƙwayar da ta jawo ta ba kuma J18. Littafin da ya tattara waɗannan lambobi shi ake kira ICD, na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma da shi ƙasashe ke faɗa wa juna abin da ke kwantar da mutanensu da abin da ke kashe su. Asalinsa jerin dalilan mutuwa ne da wani Bafaranshe mai suna Jacques Bertillon ya gabatar a 1893. An amince da bugu na goma a 1990, aka fara aiki da shi a 1994. Na goma sha ɗaya ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022, amma har yanzu na goman ne ya fi yawa a hannun ma'aikatan ɗakin kati.

Wani ɗan lungu na littafin nake so mu leƙa yau, wato E86 da E87, inda aka ajiye matsalolin ruwan jiki, gishirin jini da tsamin jini. Ƙorafina a kansu guda ne. Littafin ya ware akwatuna har tara ga abin da asibitin ƙauye ba shi da na'urar aunawa, sannan ya ba abin da ma'aikacin lafiya ke iya gani da idonsa akwati ɗaya tak. A wurare irin su Anka, Gummi da Bukkuyum, wannan yana nufin akwatunan tara za su zauna wayam, shi kuma ɗayan ba zai faɗi abin da ake buƙatar ji ba. Wanda ke karanta jadawali a ofis kuwa, in ya ga gurbi babu komai, abin da zai ɗauka shi ne babu matsala.

Me ke cikin akwatunan?

Kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin babban mutum ruwa ne, na jariri ma ya fi haka. Ruwan nan ba zalla ba ne, akwai gishiri iri-iri narke a cikinsa, kuma jiki yana riƙe kowanne a ƙunƙuntaccen mizani. Sodiyam na zama tsakanin milimol 135 zuwa 145 a kowace litar jini. Fotasiyam yawancinsa a cikin ƙwayoyin jiki yake, ɗan abin da ke yawo a jini bai wuce 3.5 zuwa 5 ba, amma da wannan ɗan kaɗan ɗin zuciya ke daidaita bugunta. Ma'aunin tsami, wato pH, shi ma daga 7.35 ne zuwa 7.45. Abin da ke hana jini yin tsami shi ne baikabonet, kuma aikinsa kusan irin na kanwa ne a miyar yakuwa: a jefa kaɗan, tsami ya kwanta. Af, tunda an ambaci kanwa: duk da ana kiranta fotash, yawancinta sodiyam ne, don haka kada wani ya ji an ce fotasiyam ya yi ƙasa ya jiƙa wa mara lafiya ita.

To E87 ta bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya. E87.0 sodiyam ya yi yawa, E87.1 ya yi ƙasa. E87.2 jini ya yi tsami, E87.3 ya karkata ɗaya ɓangaren, E87.4 matsalar ta gauraya. E87.5 fotasiyam ya hau, E87.6 ya sauka. E87.7 ruwa ya yi wa jiki yawa, E87.8 kuma ta kwashe ragowar. Tsari ne mai kyau, ban ƙi ba, ɗalibin likitanci zai ji daɗin haddace shi. Sai dai bakwai na farko ba a rubuta su da gaskiya sai an ɗebi jini an saka a na'ura. Babu uwar da za ta ce maka sodiyam ɗin ɗanta 124 ne. Ita abin da ta gani shi ne idonsa ya zurma, maɗigarsa ta loɓa, ya daina fitsari. Duk wannan, komai tsananinsa, sunansa E86 a bugun Hukumar Lafiya ta Duniya.

Ilimin da kwalara ta haifa

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, ilimin da ke bayan E87 a ɗakin masu kwalara aka haife shi. A 1831, lokacin da annobar ta shiga Ingila, wani matashin likita mai suna William O'Shaughnessy ya auna jinin masu cutar, ya gano cewa ya rasa ruwa mai yawa, ya rasa gishirinsa, ya kuma rasa sinadarin da ke kashe tsami. A 1832 Thomas Latta, a garin Leith kusa da Edinbara, ya ɗauki wannan bayani ya fara zuba ruwan gishiri kai tsaye a jijiya. Ƙarin ruwan da muke gani yau a kowane asibiti jikan wannan gwajin ne.

Ga abin da ke faruwa. Gubar ƙwayar kwalara na sa hanji ya riƙa zubo ruwa maimakon ya tsotsa, har babban mutum kan iya rasa kusan lita guda a awa ɗaya idan abin ya yi ƙamari. Ruwan ba shi kaɗai yake tafiya ba. A gudawar yaro mai kwalara, kowace lita na ɗauke da sodiyam kusan milimol 100, baikabonet kusan 30, fotasiyam kusan 25. Ka kwatanta 25 ɗin nan da 4 da ke jininsa. Wato a lokaci guda yaron yana cikin E86, yana cikin E87.2, yana kuma gangarawa E87.6. Wani abin tsoron ma, tsamin jini kan koro fotasiyam daga cikin ƙwayoyin jiki zuwa jini, sai ya ɓoye ƙarancin. Da an gyara tsamin, fotasiyam ya koma ciki, na jini ya faɗi warwas. Shi ya sa ake iya ganin yaro ya farfaɗo bayan ƙarin ruwa, kowa ya yi hamdala, can kuma cikinsa ya kumbura, wuyansa ya kasa ɗaukar kansa, bugun zuciyarsa ya rikice. Shi ya sa kuma ake fifita ruwan Ringa, mai ɗan fotasiyam da laktet, a kan ruwan gishiri zalla, ake kuma matsawa a fara ba da ORS da zarar mara lafiya ya iya haɗiya, don a litar ORS akwai fotasiyam milimol 20.

A 2021 hukumar NCDC ta ƙirga mutum 111,062 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, 3,604 suka rasu. Zamfara na cikin jihohi huɗu da suka fi yawan masu cutar, tare da Bauchi, Jigawa da Kano. Kashi 3.2 cikin 100 kenan suka mutu, alhali ƙa'idar ita ce, in ana magani daidai, bai kamata a rasa ko ɗaya cikin ɗari ba. Rahoton zai faɗa maka jiha, ƙaramar hukuma, shekaru da jinsi. Ba shi da gurbin da zai raba wanda ya mutu a hanya saboda tsoron bin titi da dare, da wanda ya iso asibiti aka ƙara masa ruwa amma fotasiyam ya kashe shi kwana biyu bayan haka. Mutuwa biyu ce daban, gyaransu ma daban. Ta farko tsaro da cibiyar shan ORS a cikin ƙauye take nema, ta biyu kuwa horo da irin ruwan da aka saya. Kuma abin bai wuce ba. Gummi ta sha ambaliya a daminar 2024, a daminar 2025 kuma kwalara ta sake ɓulla a ƙauyukan Bukkuyum.

Wanda ba shi da lamba, ina yake faɗawa?

Da a ce akwatin da ba a cike ba yana zama wayam ne kawai, da da sauƙi. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Mara lafiyar ba ya ɓacewa, wani akwatin yake faɗawa.

Ɗauki tsamin jini. Jiki na ƙoƙarin rage shi ta hanyar fitar da iskar kabon, sai ka ga yaro yana numfashi mai zurfi da sauri. Ma'aikacin lafiyar da aka koya wa ƙirga numfashi zai ƙirga, ya ga ya haura ƙa'ida, ya rubuta limoniya, ya ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Bai yi ganganci ba, abin da ke hannunsa ya bi. Amma lissafin limoniya ya ƙaru da ɗaya, na tsamin jini yana nan a sifili.

Ko kuma jijjiga. Yaron da ya kwana uku yana gudawa ana ɗura masa ruwa zalla, sodiyam ɗinsa kan faɗi, ƙwaƙwalwa ta kumbura, ya fara jijjiga. Akasin haka ma na faruwa: fakitin ORS da aka yi don lita guda, in aka juye shi a ledar fiya wata ɗaya, wadda galibi rabin lita ce, sodiyam ɗin da ya kamata ya zama 75 ya koma 150, kuma yaron da ke ta shan wannan ba tare da wani ruwa ba zai iya hayewa E87.0. Shi ma jijjiga ce ƙarshenta. To a watan Agusta ka kawo yaro mai jijjiga asibiti a yammacin Zamfara, me za a fara yi? Gwajin maleriya na tsinke, kuma daidai ne a yi shi. Sai dai da damina yara da yawa na ɗauke da ƙwayar maleriya ko da ba ita ta kwantar da su ba, ga shi irin gwajin da aka fi amfani da shi kan ci gaba da nuna layi biyu makonni bayan an warke. Layi biyu ya fito, an rubuta maleriya mai tsanani, an rufe kati. Cutar da ke da gwaji mai arha ita ke cinye lissafin waɗanda ba su da shi.

Abin da 2010 ya riga ya nuna mana

In akwai inda bai kamata a sha wahalar bayyana wannan ba, to Anka da Bukkuyum ne, don a kansu aka yi darasin.

A farkon 2010 yara suka yi ta mutuwa a ƙauyuka irin su Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji da Duza a ƙaramar hukumar Anka, da Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum. Amai, ciwon ciki, kasala, jijjiga, sai mutuwa. Lokacin zafi ne, lokacin sanƙarau, kuma ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da suka ji labarin a watan Maris suna aikin sa ido a kan sanƙarau ne. Aka yi maganin maleriya, aka yi na sanƙarau, yara ba su tashi ba. An bar jaki ana dukan taiki, ba don sakaci ba, sai don waɗannan biyun su ne sunayen da ake da su ga yaro mai zazzaɓi da jijjiga. Sai da aka tura jini wani ɗakin gwaji a Turai sannan aka ga dalma ce. Farashin zinare ya tashi, mutane na kawo dutsen gida, ana daka shi a turmi, ana niƙa shi a injin niƙan hatsi, ƙurar mai cike da dalma tana sauka a tsakar gidan da yara ke rarrafe.

Binciken da cibiyar CDC ta Amurka ta yi tare da hukumomin Najeriya a Dareta da Yargalma a watan Mayun shekarar ya gano cewa yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun mutu a cikin wata goma sha biyu. Ɗaya cikin huɗu kenan. Cikin rayayyun da aka auna, kashi 97 cikin 100 na da dalma maikirogiram 45 ko fiye a kowace desilitar jini, matakin da ake fara ba da maganin wanke ta, a lokacin da 10 ma abin tayar da hankali ne. Ƙaramar na'urar da aka zo da ita iyakarta 65, kuma jinin yara da yawa ya zarce abin da take iya karantawa. An ƙiyasta cewa yara kusan 400 suka rasu. Bagega, wadda ta fi sauran girma, sai a 2013 aka kwashe mata gurɓatacciyar ƙasa, kuma MSF ba ta miƙa aikin ga gwamnatin jiha ba sai a 2022.

Abin lura a nan: gubar dalma tana da lamba, T56.0, kuma tana zaune a littafin shekara da shekaru kafin yaro na farko ya fara jijjiga a Dareta. Kasancewarta a littafi bai ceci kowa ba. Ba ta fara bayyana a lissafin Zamfara ba sai ranar da na'ura ta iso. Duk wanda ya duba rajistar yankin kafin Maris 2010 zai rantse babu gubar dalma a nan, kuma takardu za su goya masa baya. Ina ganin halin da E87 ke ciki ke nan a yau. Bambancin kawai, dalma ta kashe yara da yawa a wuri ɗaya cikin ɗan lokaci har kaburbura suka ja hankali, shi kuwa fotasiyam ɗaiɗai yake ɗauka, a ƙarƙashin sunan gudawa, maleriya ko tamowa. Ko su yaran dalmar ma ba su tsira daga wannan lungu na littafin ba, don dalma kan lalata bututun ƙoda da ke maido da baikabonet cikin jini, ga kuma aman da suke yi.

Ko inda na'urar take, lambar ba ta cika faɗin gaskiya ba

Wani zai ce, to ai matsalar talauci ce, ba ta littafi ba. A kawo na'ura, lamba za ta cika. Ba haka abin ya nuna ba a ƙasashen da ke da na'urar a kowane ɗaki. Wani bincike da aka wallafa a 2014 a Danmak ya ɗauki sakamakon ɗakin gwaji ya gwama da lambobin da aka rubuta wa marasa lafiya ranar sallama. Cikin waɗanda sodiyam ɗinsu ya gaza 135, ba a kai kashi 2 cikin 100 ba da aka rubuta wa lambar. Har waɗanda nasu ya faɗi ƙasa da 115, matakin da ke iya kisa, kusan ɗaya cikin uku ne kawai suka samu. A lardin Ontariyo na Kanada, irin wannan bincike a kan hauhawar fotasiyam ya nuna lambar na kama kusan ɗaya ne cikin bakwai. Dalilin a fili yake: likita na ɗaukar rikicewar gishiri a matsayin reshe, sai ya rubuta uwar cutar ya bar reshen.

Inda ake cike waɗannan akwatuna da himma shi ne inda lamba ke jawo kuɗi. Amurka ta yi wa ICD-10 nata gyaran, ta fara aiki da shi ranar 1 ga Oktoban 2015, da lambobi kusan dubu saba'in. A Oktoban 2022 ma sai da suka sake tsaga E87.2 gida huɗu, don a raba tsamin jini na farat ɗaya da wanda ya daɗe. Rabon yana da ma'ana a likitance, ban musa ba. Amma a can akwai ma'aikatan da aikinsu shi ne bin kati layi-layi suna neman irin su E87.1, saboda ƙara ta na iya ƙara abin da inshora zai biya asibiti. Wannan ya shafe mu, tunda dokar NHIA ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya a Najeriya. Ranar da biyan kuɗi ya fara bin lamba a asibitin da ba shi da na'ura, za mu tashi daga gurbin da babu komai zuwa gurbin da aka cike da kintace. Ni a ganina na biyun ya fi muni, don na farko aƙalla bai yi ƙarya ba, shiru kawai ya yi.

Akwati ɗaya ga abu uku

Yanzu mu koma E86, inda nake ganin laifin littafin ne kai tsaye.

Tun tsakiyar shekarun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fito da tsarin IMCI na duba yara, wanda da shi ake horar da ma'aikatan lafiya a matakin farko. Tsarin ya raba ƙarancin ruwa gida uku, ba tare da na'ura ko ɗaya ba. A dubi yaro: yana cikin hayyacinsa, ko yana ta rigima, ko ya yi laushi ba ya ko motsi? Idonsa ya zurma? In an miƙa masa ruwa yana sha da zalama ne ko ya kasa sha? In an tsunkuli fatar cikinsa, tana komawa nan take ko tana daɗewa a tsaye? Daga nan ake cewa babu ƙarancin ruwa, ko akwai matsakaici, ko mai tsanani, a bi tsarin A, B ko C. Na A gida zai koma da ORS da zinki. Na B zai zauna a asibiti ya sha mililita 75 a kowane kilo na nauyinsa cikin awa huɗu. Na C ruwan jijiya ne, mililita 100 a kowane kilo. Ga yaro mai kilo goma, bambanci ne tsakanin kofi da cokali a hannun uwa, da litar Ringa, allurar jijiya, da ma'aikacin da ya iya samun jijiyar da ta riga ta lafe.

Ka ga wannan rabo shi ne ke yanke hukuncin magani, shi ne kuma zai gaya wa mai kula da sito a Gusau leda nawa zai tura Bukkuyum kafin hanya ta yanke. Hukuma ɗaya ce ta rubuta IMCI ta kuma rubuta ICD-10, amma a ICD-10 na B da na C duk E86 ne. An tsaga gishiri gida-gida, an bar ruwa a dunƙule. A cibiyoyin kwalara ana rubuta A, B ko C a gaban sunan kowane mara lafiya, shaida ce cewa abin mai yiwuwa ne ko a cikin tanti. Amma da annoba ta lafa aka naɗe tanti, sai a koma fom ɗin wata-wata da ke shiga manhajar DHIS2, inda abin da ya fi fitowa shi ne yawan yara masu gudawa da yawan waɗanda aka ba ORS da zinki.

ICD-11 ta ɗan motsa. Ta raba ƙarancin ruwa da raguwar yawan jini a ƙarƙashin 5C70, ta kuma zo da hanyar liƙa wa lamba ƙarin alama mai nuna tsanani. Sauran, daga 5C71 zuwa 5C78, jerin da muka sani ne aka sauya wa riga.

Lambar da ba mai son rubutawa

E87.7, ruwa ya yi yawa, ita ce ba ta buƙatar ɗakin gwaji sosai. Fatar ido ta kumbura, numfashi ya ƙaru, ƙirji na ƙara. Amma sau da yawa asibiti ne ya jawo ta, kuma wa zai rubuta wa kansa laifi a rajista? Mu ma muna da hannu, don a wurin da yawanmu in ba a rataya leda ba kamar ba a yi magani ba.

Wannan ya fi muhimmanci a ɗakin masu tamowa, irin wanda MSF ke tallafawa a babban asibitin Gummi. Yaro mai tamowa mai tsanani jikinsa ya riga ya rasa fotasiyam, sodiyam kuma ya taru a cikin ƙwayoyinsa, shi ya sa aka yi masa nasa ruwan daban, ReSoMal, mai sodiyam 45 da fotasiyam 40. Shekaru da yawa ƙa'idar ita ce a guji ruwan jijiya a irin waɗannan yara sai in jini ya gaza zagayawa, don tsoron kada zuciya ta kasa ɗauka. A 2025 aka wallafa sakamakon gwajin GASTROSAM, wanda aka yi a Nijar, Najeriya, Uganda da Kenya a kan yara 272, kuma ba a ga ruwan jijiya ya cika wa yaran huhu ko ya kayar da zuciyarsu ba. Gwaji ɗaya ne, ƙarami kuma, a ƙarƙashin kulawar da ba kowane asibiti ke da ita ba, don haka kada a ɗauke shi lasisin rataya leda. Abin da ya dame ni shi ne, dubban yara masu tamowa da gudawa na bi ta asibitocin arewa kowace shekara, amma rajistarsu ba ta iya ba da ko alamar amsa ga wannan tambaya ba, saboda ba ta riƙe matakin ƙarancin ruwa, ba ta riƙe irin ruwan da aka ba su, ba ta kuma riƙe E87.7.

Inda littafin yake da gaskiya

Akwai ƙa'ida ɗaya da zan kare. A takardar shaidar mutuwa ana jero abubuwa daga na ƙarshe zuwa tushe: bugun zuciya ya rikice, saboda fotasiyam ya faɗi, saboda kwalara. Wanda ke shiga lissafin ƙasa shi ne na ƙasan, A00. Wannan daidai ne, don ruwa ba ya tsami banza, kuma rijiyar da ta gurɓace ita ce abin gyara. Da za a riƙa rubuta E86 a matsayin dalilin mutuwa, da an ɓoye kwalara, wanda kuwa ya fi komai yi wa masu son ɓoye annoba daɗi. Sai dai layukan saman su ne ke nuna inda magani ya gaza, kuma su ake zubarwa. A yankinmu ma maganar takardar ba ta cika tasowa ba. Yawancin yara a gida suke rasuwa, a yi musu sutura kafin sallar da ke tafe. Abin da ya rage shi ne bin iyaye da tambayoyi daga baya, kamar yadda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a bincikenta na 2014 da 2019. Wannan hanya na iya kai ka ga gudawa, amma ba za ta taɓa kai ka ga fotasiyam ba.

Ba na cewa a kai na'urar auna gishirin jini kowane ɗakin shan magani. Irin ta hannu da ake kira i-STAT katinta firji yake so, ita kanta kuma ba ta aiki in zafi ya haura digiri 30, a yankin da Afrilu ke wuce 40. Tura jini birni ma ba mafita ba ce, don jinin da ya daɗe a kwalba yana shan jijjigar babur ƙwayoyinsa fashewa suke su zubo fotasiyam, sai a ce maka ya yi yawa alhali ya yi ƙasa. Abin da ake iya yi ya fi wannan araha. Matakin A, B ko C ya zama adadi mai zaman kansa da zai bi fom har Gusau da Abuja, ko ana annoba ko ba a yi. Duk inda E87 za ta fito a jadawali, a sa mata gurbi a gefe da zai nuna mutum nawa aka auna, ta yadda sifilin da ke nufin ba a duba ba zai rabu da sifilin da ke nufin an duba ba a samu ba. Sannan a zaɓi manyan asibitoci biyu ko uku, a ce na Anka da na Gummi, a ba su na'ura da firjin sola da ɗaki mai sanyi, daga Yuli zuwa Oktoba a auna duk yaron da aka kwantar da gudawa mai tsanani ko jijjiga. A rubuta sakamakon a layi ɗaya da na gwajin maleriya, don in yaro ya zo da layi biyu a tsinke da sodiyam 118, duka biyun su isa Gusau.